Abin da Na Zuba a Kwalbar Kawu

Sallama gare ku 'yan uwa. Kwana ashirin ban ce muku uffan ba, kuma na ga saƙonninku, har da na masu cewa ko an ɗaura ne na ƙi gayyatarsu. Ba a ɗaura ba. Yau na ce ko ta yaya sai na rubuta. Wadda za ta zage ni ta bari ta kai ƙarshe tukuna, wallahi ba zan hana ta ba.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Zahara'u, a Madarumfa nake, unguwar da ke gangaren tabki. Babana ya rasu ina aji uku a lakkol, wato makarantar boko. Kawu Audu, yayan Innata, shi ya riƙe mu, kuma dangin Baba da ke Jibiya tuni suka ce maganar aurena tana hannunsa. Direba ne, shekara talatin yana jan mota tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa, mutum ne da in ya ce a'a ko Inna ba ta sake tayar da zancen.

Wanda nake so kuwa Yahaya ne, mai gyaran injin ban-ruwa na masu lambu. Shekara uku ya yi yana haɗa mota da hannunsa. Ba gyara ba, haɗawa nake nufi, tun daga ƙarfen ƙasa. Injin wata tsohuwar ƙaramar mota ya samo, ya lanƙwasa bututun ƙarfe ya yi mata ƙashi, ya buga mata jiki, ya shafe ta da koren fenti. Kujera biyu a gaba, baya kuma fili ne na kwandunan tumatir. 'Yan tasha suka sa mata suna Kwaɗo, saboda koriya ce, kuma sai ta yi tsalle biyu kafin ta tsaya. Ni dai in na ji ƙararta daga nesa har kwalli nake ƙarawa.

Inna ba ta taɓa son zancen ba. Kullum cewa take, "Sa'o'insa suna gina ɗaki, shi yana tara gwangwani. A cikin motar za ki tare?"

Ranar da ya fara zuwa gaida Kawu da ita, ina leƙe ta ƙofar zaure. Ya taho cikin farar shadda, ya taka burki daidai ƙofarmu, Kwaɗo ta wuce abinta sai gaban gidan maƙwabta. Na ji kamar in nutse. Kawu bai yi dariya ba. Ya naɗe hannun riga, ya kwanta a ƙasa ya leƙa ƙarƙashinta, ya daɗe, sannan ya fito yana kakkaɓe jiki.

"Kai yaro, wannan wayar da ka ja zuwa ƙafar baya, ta mene ce?"

"Ta burkin adaidaita ce, Kawu."

"Gaba fa?"

"Gaba babu komai tukuna."

"To ka ji. Aikinka ya yi kyau, ban raina ba. Amma ba na ba da ɗiya ga mutumin da ke hawa abin da ba ya iya tsayar da shi. Ka sa mata burkin mai, na faifai a ƙafafun gaba. Ranar da na zauna a gefenka na ce tsaya, ta tsaya inda na ce, ka turo manyanka da goro."

Da yamma Yahaya ya rubuto mini: "Zara, kin ji sharaɗi? Ki fara neman mai lalle."

Na mayar masa: "Injiniya, ka fara neman burki."

Sati biyu ya yi yana yawon wuraren tsofaffin motoci a Maraɗi. Kowace rana sai hoto ya shigo, yau faifai biyu masu tsatsa, gobe famfon burki, jibi siraran bututu a naɗe. Ni da ban san komai a mota ba sai da na haddace yadda abin yake, ka taka feda, famfo ya tura mai cikin bututu, man ya matse faifai, ƙafa ta tsaya. Yana can ne Kawu ya dawo daga aiki wata Talata ya miƙo mini wata babbar kwalbar roba mai jan murfi.

"Ke Zahara'u, man burki ne, mai kyau, ba irin na bakin hanya ba. Na buɗe na ɗan ƙara wa tawa motar. Ki adana, in yaron nan ya dawo ki ba shi."

Jama'a, Kawu fa! Kawun da ko sunan Yahaya ba ya kamawa. Na shige ɗaki na yi rawa ni kaɗai, na ɗauki hoton kwalbar na tura masa, na rubuta: "Kawu da kansa ya saya maka." Ya aiko mini da alamar kuka har guda biyar. Na ɗora ta saman kwabar Inna, kusa da kwanonin samira.

A nan Kaka Delu ta shigo labarin. Ita ta haifi Inna da Kawu, kuma duk tsufanta ba ta yarda ta bar lambunta na zogale da albasa a bakin tabki ba. Kullum ƙafarta cikin ruwa, tsakanin yatsun duk ya ci ruwa ya yi fari, in ta zauna sai susa. Washegari da hantsi ta ɗaga kai ta hango jan murfi.

"Ke, mi ne ne wancan?"

"Man burki ne, Kaka. Na Yahaya."

"Na angona? To ai nawa ne. Sauko min da shi."

"Kaka, ba na shafawa ba ne fa."

"Ji ɗiyar zamani! Tun uwarki na goye muke sa shi ga cin ruwa da makero. Ɗigo biyu kawai, ko so kike ƙafar ta guntule?"

A nan garin kowa ya taso ya ji ana faɗin haka. Ni ban ce magani ba ne, kuma don Allah kada wata ta gwada, labari nake ba ku. Na zuba mata cikin murfi, ta dangwala da auduga ta shafa, ta yi ta hura iska tana cewa zafin nan shi ne aikin. Da ta tsaya nan da ba ku ji ni yau ba. Amma Kaka ba ta iya samun abu ta yi shiru. Kafin la'asar duk matan lambu sun ji cewa gidan Audu direba akwai man burki na asali.

Wayyo, ku zo ku ga sallama! Wannan ta zo da murfin kwalba, waccan da kwalbar turare, wata da gwangwanin tumatir. Duk sa'o'in Kaka ne da na Inna, waɗanda in na gamu da su sai na durƙusa. Yaya zan kalli Iya Talatu, wadda ta yi mini wankan jarirai, in ce mata babu? Ina cewa na mutane ne, Kaka na cewa, "Zuba mata, angona ba marowaci ba ne." Wata ma ni ba na gida aka zuba mata. Kwana huɗu aka yi ana haka. Ranar Asabar na ɗaga kwalbar na duba ta a hasken taga. Ko kashi ɗaya cikin uku bai rage ba.

Kuma a daidai lokacin saƙo ya shigo: "Ina hanya, kaya sun cika. Gobe da safe zan kawo Kwaɗo ƙofar gidanku mu zuba man Kawu."

Yanzu da nake rubutu ina ganin hanyoyi goma da zan bi. In gaya masa gaskiya ya yi dariya. In gaya wa Kawu ya yi faɗa ya huce. Amma a ranar abu ɗaya kawai nake gani, kyautar farko da Kawu ya yi wa Yahaya, an ba ni ajiya na rabar wa unguwa. Na ji muryar Inna tana cewa wadda ba ta iya riƙe kwalba ba ina za ta riƙe gida. Na shiga madafa ina zagaye, idona ya sauka kan bidon man girki, irin na kanti mara ƙamshi, wanda Inna ke suyar ƙosai da shi. Na ɗiga a tafin hannu, na ɗiga na burkin a gefe. Launi ɗaya, ruwan ɗorawa mai haske. Na ce a raina, mai ai mai ne, duk santsi ne. Na samo mazurari na cika kwalbar har wuya, na girgiza ta sosai, na goge jikinta da gefen zanena, na mayar saman kwaba. Ko Kaka ba ta gani ba.

Ranar Lahadi na ci ado kamar mai zuwa biki, atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, hijabi ruwan toka, har da turaren da ya kawo mini da sallah. Ya iso da turi, don ya riga ya cire tsohuwar wayar. Kaka ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida tana tsinkar zogale, ita ce mai gadinmu. Na miƙa masa kwalbar da hannu biyu. Ya karɓa ya ce, "Allah Ya saka wa Kawu," ya buɗe ya tuttula a famfo ko dubawa bai yi ba. Wa zai duba kyautar suruki?

"Zara, aikin nan sai mutum biyu. Akwai iska cikin bututu, sai an fitar da ita. Shiga ki zauna wurin direba."

"Ni? Mutane na kallo?"

Kaka ta ce, "Shiga mana, in ba ki so ni in shiga."

Na tattare siket na shiga. Shi ya kwanta wajen ƙafar gaba da ɗan sifana a hannu.

"Taka sau uku. Riƙe! Kada ki saki."

"Na riƙe."

"To saki. Sake takawa."

Haka muka yi ta yi, ƙafa bayan ƙafa. Da farko fedar lagwai take, tana tafiya har ƙasa, can sai na ji ta fara tauri a ƙarƙashin takalmina. Ya ɗago kai, fuska duk baƙin mai, yana murmushi.

"Kin ji ta? Da ƙafarki kika yi wa Kwaɗo burki. Ko jikokinmu sai na ba su labari."

Na yi dariya. Wallahi har cikin raina na yi dariya, don da na ji fedar ta yi tauri sai na ce shi ke nan, man ya yi, asirina ya rufu. Ya tayar da ita ya je ƙarshen layi ya dawo, ya taka, ta tsaya cak a gaban tabarmar Kaka. Kaka ta rangaɗa guɗa.

Kwana tara motar tana aiki lafiya lau. Kawu ya sa ranar gwaji, Talata da safe, in ta ci, manya su zo ranar Juma'a. Inna ma ta fara saukowa, har ta aika a tambayo mata kuɗin kwanoni a Maraɗi. Ranar Litinin Yahaya ya rubuto: "Fedar ta ɗan yi nauyin dawowa, amma sabon abu ne, zai saki." Na karanta, wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji, na tura masa alamar addu'a na kife wayar.

Talata da sassafe Yahaya ya iso cikin shaddarsa. Kawu ya fito har ya sa hannu a ƙofar motar, wayarsa ta yi ƙara. Wani tsohon abokin aikinsa ne ya rasu a Gabi, za a yi jana'iza da hantsi. Ya ce, "Yahaya, ka yi haƙuri, a bar shi gobe." Ya hau bayan kabu-kabu ya tafi. Yahaya ya ce tunda ya riga ya fito bari ya kai wa masu lambu tumatirinsu bakin kwalta. Ya ɗaga mini hannu ya wuce.

Ina tankaɗen garin masara, ko awa ba a yi ba, Iya Talatu ta faɗo gidan ba sallama, ɗankwali a hannu, tana kiran sunan Inna.

"Fati! Fati! Motar yaron nan ta kashe shi!"

Rariyar ta suɓuce mini. Ban san lokacin da na fita ba, Inna ce ta biyo ni da hijabi. A hanya aka ce bai mutu ba, amma ban yarda ba sai da na gan shi. Ya ɗauko kwando takwas, ya biyo gangaren da ke fita daga lambuna, sai ga amalanken shanu a gabansa cike da mata masu zuwa kasuwa. Ya taka burki, feda ta tafi ƙasa ba ta dawo ba. Ya sake takawa, babu. Sai ya murɗe sitiyari ya bar matan, ya nufi wata bishiyar bedi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Gaban Kwaɗo ya naɗe jikin bishiyar, tumatir ya watsu ko'ina, ja wur, har na ɗauka jini ne na kurma ihu. Yahaya yana zaune a ƙasa an jingina shi, farar shaddar ta yage, goshi a fashe, hannunsa na dama yana lilo ta inda hannu ba ya lanƙwasawa. Bai yi kuka ba. Motar kawai yake kallo yana cewa, "Na taka fa. Wallahi na taka."

Ni kuwa a tsaye nake kamar an dasa ni. Mata suna ta cewa Allah Ya kiyaye, ni kaɗai na san abin da ke cikin bututun nan.

An kai shi gidan likita, an ɗinke goshin, hannun ya karye wuri biyu. Ranar ban ci ba, ban sha ba. Inna ta ɗauka so ne, har tana lallashina tana cewa ashe haka nake ƙaunarsa. Na yi ta gaya wa kaina wataƙila ba man ba ne, wataƙila bututu ne ya fashe, ai tsofaffin kaya ne.

Ranar Laraba da azahar saƙon murya ya shigo, bokal na minti biyu. Na shige bayan ɗaki na kara a kunne. Muryarsa ta dushe.

"Zara, na sa an jawo motar gida. Na kwance famfon da hannun hagu. Robobin ciki duk sun kumbura sun yi laushi kamar tuwo. Na tsiyaye man a kofin gilashi, ya rabu biyu, wani a sama wani a ƙasa. Na ɗiga na saman a kan ƙarfe mai zafi. Zara, ƙamshin suya ya tashi. Man girki ne. An haɗa mini man burki da man girki."

Na zauna a kan turmi. Kafin in gama jin sauran sai ga kiransa.

"Kin ji?"

"Na ji."

"Kwalbar nan, a buɗe Kawu ya ba ki ita ko a rufe?"

"A... a buɗe. Ya ce ya ƙara wa motarsa."

Sai ya ci gaba.

"Shi ya kafa sharaɗin. Shi ya kawo man, a buɗe. Ranar da zai shiga motar, hannunsa a kan ƙofa, sai aka kira shi. Zara, ki gaya mini, in ke ce me za ki ce? In ba ya so in aure ki ai sai ya faɗa, ba sai ya nemi raina ba."

'Yan uwa, ga wurin. A nan ne ya kamata in ce ni ce. Kalma biyu. Na buɗe baki, sai na tuna hannunsa yana lilo, na tuna shekara ukun da ya yi yana buga ƙarfen nan, na ce in ya ji ni ce ba zai sake kallona ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ka bar wa Allah, Yahaya. Ka huta tukuna."

Ya ce, "Hmm," ya kashe.

Na ce gobe zan faɗa. Zan dafa masa farfesun kifi in kai da kaina, in durƙusa in faɗa. Har na aika aka sayo kifin.

Alhamis da hantsi ina ferayar kifin, Kawu ya shigo. Kawu ba ya dawowa gida da rana. Hularsa a hannu, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Tunda nake ban taɓa ganinsa haka ba.

Inna ta miƙe. "Yaya, lafiya?"

"Fati, yau yaron nan ya same ni a tasha. Gaban direbobi, gaban fasinja, gaban yaran da na koya wa tuƙi. Ya ɗaga kofi sama ya ce ni, Audu, na zuba masa man girki a burki don in kashe shi. Shekara talatin ina ɗaukar rayukan mutane ko akuya ban taɓa takewa ba. Fasinjan da suka shiga motata sai da uku suka sauka."

Inna ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu!" Kaka ta saki tsintsiyar da ke hannunta.

"Na ce ya biyo ni gida da babansa. Ɗauko mini Alƙur'ani."

Ya ɗauki buta ya tsuguna yana alwala. Ina kallon ruwan yana zuba daga gwiwar hannunsa, wuƙa a hannuna, ƙayar kifi ta soke ni ban ma ji ba. Aka yi sallama a zaure. Na lallaɓa na tsaya bayan labulen buhu da ke ƙofar. Yahaya ne, hannu a rataye a wuya, goshi da bandeji, da mahaifinsa Malam Habibu, sai shugaban direbobin tasha. Malam Habibu yana ta cewa, "Malam Audu, a yi haƙuri, ba sai an kai ga rantsuwa ba, zafin ciwo ne."

Kawu ya ce, "A gaban jama'a ya faɗa, sai na wanke kaina. Amma ku shaida, in na dafa Littafin nan, ƙafarsa ba ta sake taka ƙofar gidana."

Yahaya ya ce, "In ba kai ba ne, Kawu, to wane ne? Daga hannunka sai hannun Zahara'u."

Inna ta wuce ni da Alƙur'ani a naɗe cikin sallaya. Na ga Kawu ya karɓa ya miƙa hannu zai dafa. Ban san na ɗaga labulen ba, sai ji na yi muryata ta fita.

"Kawu, kada ka dafa! Ni ce."

Duk suka juyo. Na zube a ƙasa, hannuna duk ƙarnin kifi, ko hijabi babu sai ɗankwali. Na faɗi komai, tun daga ƙafar Kaka har mazurari. Ina faɗa ina shessheƙa, ba wanda ya katse ni. Daga bayana na ji Kaka tana salati tana cewa, "Ni na ja, ni na ja, wayyo ni Delu." Inna kuwa ta jingina da bango.

Shugaban direbobi ne ya fara magana. "Man ƙosai? A burki? Ke ɗiyar nan, mata nawa ne a amalanken nan, kin sani?"

Yahaya bai kalle ni ba. Ya sauka daga kan tabarma, ya durƙusa da ƙyar saboda hannun, ya sunkuyar da kai gaban Kawu.

"Kawu, na zalunce ka. Ka yafe mini. Yanzu zan koma tasha in faɗa a inda na faɗi na farko."

Kawu ya dube shi. Ya miƙa wa Inna Alƙur'anin, sannan ya ce, "Ka je ka faɗa, wannan haƙƙina ne. Na yafe maka don Allah. Amma kai ka iya zama ka yarda cewa zan kashe ka, ita kuma ta iya zama ta bar ka ka yarda. Ban ga gidan da za a gina a kan wannan ba. Malam Habibu, gobe kada kowa ya kawo mini goro."

Ya sa hularsa ya fita. Ko inda nake bai duba ba, kuma har yau da nake rubutun nan in na gaishe shi hannu kawai yake ɗagawa.

Malam Habibu ya kama Yahaya ya tayar da shi. Sun kai bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo. Sai a lokacin ya kalle ni, kuma da ma bai kalla ba.

"Zahara'u." Bai ce Zara ba. "Jiya da na kira ki, na ce miki Kawu nake zargi. Kin san ke ce?"

Na gyaɗa kai.

"Kika ce in bar wa Allah."

Na sunkuyar da kai. Ya jira, wallahi ya jira ni, har mahaifinsa ya taɓa masa kafaɗa suka fita.

Kwana shida ina rubuta masa saƙo ina gogewa. Jiya bayan la'asar na daure na tura guda ɗaya: "Ka yafe mini, ko ba za ka aure ni ba." Alama biyu suka fito, suka yi shuɗi nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Da hannun hagu yake yi, na sani, shi ya sa na riƙe wayar da hannu biyu ina jira. Da ya shigo, layi biyu ne.

"Man na yafe miki tun a zaure, ba ki sani ba ne. Shirun da kika yi ne har yanzu ban san yadda zan yi da shi ba."